Bushiya da Ruwan Farko

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha!

Wata shekara damina ta ƙi tsayawa. Ana yin ruwan farko, Kura ta shuke irinta kaf. Bushiya kuwa ta tona ƙasa, ta ji danshi bai yi nisa ba, ta mayar da irinta gida.

Kura ta ce, "Raguwa, lokaci na wucewa!"

Bushiya ta ce, "Yaya, ni ƙasa nake tambaya, ba hadari ba."

Ruwa ya ɗauke kwana ashirin, shukar Kura ta ƙone ƙurmus. Da ya sauka sosai, Bushiya ta shuka, ta cika rumbu biyu.

Sai ga Kura da ƙwarya. "Ƙanwata, sam mini gero."

Bushiya ta ce, "Zauna mana, Yaya. Saurin me kike yi?"

Ƙurunƙus kan ɓera, nan ta tsaya!