Marinin da Ya Kashe Rijiyar Madugu

An yi wani mutum a Djougou, marini ne ɗan marini. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa na nan da ransu, kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Ku dai gyara zama, ya 'yan uwa. Kai ma mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, buɗe idonka, har da kai ake.

A unguwarsu akwai wata rijiya da ake kira Rijiyar Madugu. Tun zamanin da ayarin goro ke saukowa daga Gwanja aka haƙa ta. Ruwanta garai-garai, ga sanyi, ga gardi, kuma komai tsananin rani ba ta ƙafewa. Da ruwanta ake tuƙa tuwo, da shi ake yi wa jariri wankan farko, da shi ake yi wa mamaci na ƙarshe. Randunan masallacin unguwa ma daga nan ake cika su.

Marinar gidansu mutumin nan tana kan tudu, rijiyar tana gangare. Saboda haka kakanninsa suka kafa ƙa'ida. Kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, sai a shafe ramukan rini da laso don kada su yi yoyo. In kuma baban rini ya mutu a rami, ba a zubar da ruwansa nan kusa. A tuluna ake ɗurawa, a ɗora wa jaki, a kai can kwari bayan gari, ƙasa da rijiya. Wahala ce, ba wanda ya ce ba wahala ba ce. Mutumin nan ya yi ta tun yana saurayi, yana yi yana tsaki a ransa.

Mahaifinsa ya rasu, marina ta dawo hannunsa. A shekarun nan ne Faransawa suka tattara suka tafi, ƙasar Dahome ta samu 'yancin kai. Kowa ya tashi neman sabon abu. Jirgin ƙasa yana kwaso kaya daga Kwatano yana jibgewa a Parakou, shi ma ya je ya ba idonsa abinci. A can ya ga galura, garin rini na Turawa, a cikin manyan tano, wato durom-durom, da farar soda da ake haɗa ta da ita. Aikin da baba ke yi a kwana bakwai, galura ta gama shi kafin azahar. Ga ja, ga kore, ga ruwan goro, launin da ubansa bai taɓa mafarkinsa ba.

Ya sayo, ya fara. Kai, kasuwa ta karɓe shi! Daga Partago da ƙauyukan kewaye mata ke aiko da zannuwa. To, amma ruwan da ake zubarwa kullum ya fi ƙarfin jaki, ya fi ƙarfin jaki goma. A bayan gidansu akwai wani tsohon rami da aka haƙi ƙasar gini. Ba laso, ba komai. Ya dube shi ya ce ai ga sauƙi Allah ya kawo.

Akwai wani tsoho mahaƙin rijiya, Baba Dogo, aminin mahaifinsa. Shi ke yashe Rijiyar Madugu duk shekara. Ya tako har marina, ya tsaya bakin ramin nan yana toshe hanci.

Ya ce, "Ɗana, ni na shiga cikin ƙasar nan, na san ta. Ƙarƙashinta duk hanyoyi ne. Abin nan da kake zubawa, rijiya zai nufa."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, shekara nawa muna rini a nan? Akuya ma tana shan ruwan baba ta kwana lafiya."

Baba Dogo ya ce, "Wannan ba baba ba ne. Dubi hannunka."

Ya duba. Tafin hannunsa duk ya fara tsagewa. Sai ya tura shi cikin aljihu, ya canja magana.

Damina biyu ta wuce. Ran nan da hantsi ya zuba ruwan rijiya a farin kwano zai kwaɓa launi, sai ya tsaya cak. Ku da ni da mun duba, ba abin da za mu gani. Amma shi marini ne, duk Djougou ba mai idonsa a kan launi. Ya ga wani ɗan ja-ja siriri yana kewaye gefen kwanon. Ya san shi. Ya san har tanon da ya fito daga ciki.

Ya 'yan uwa, a nan ne zunubin yake. Zuba ruwan farko, a ce ganganci ne da son sauƙi. Amma yanzu ya gani da idonsa. Tsakaninsa da gidan liman taku nawa ne? Me zai hana ya je ya ce, Malam, na yi ɓarna, a tsayar da jama'a? Kunya ta hana shi, da tsoron kada a ce ya rufe marina.

Sai ya sa ana kawo masa ruwa a tano daga wani rafi na hanyar Partago, wai na aiki ne. Daga nan yake cika butarsa, daga nan yake sha. Unguwa kuwa ta ci gaba da jan guga. Har mahaifiyarsa, Inna Memuna, da ke cikin gida ɗaya da shi, bai ce mata uffan ba. Wata uku cur yana shiga sahu da alwalarsa mai kyau, yana haɗa kafaɗa da mutanen da ya san da me suka wanke fuska.

Yara suka fara ciwon ciki. Mata suka ce jiki na ƙaiƙayi, koko yana ɗaci. Ran wata Talata bayan la'asar, limamin unguwa, Malam Abdulgani, ya sa aka jawo guga ɗaya aka zuba a farar tasa a ƙofar masallaci. A lokacin launin ya riga ya fito, ko makaho ya ji warinsa.

Malam ya ce, "Wannan ruwa ya jirkita. Ba a sha, ba a tsarki da shi."

Ka ga dattawa sun sunkuyar da kai, kowa yana tunanin sallolin da ya yi. Malam ya juya ga marini ya ce, "Ɗana, yaushe ka sani?"

Ya ce, "Wallahi Malam, yanzu nake gani kamar kowa."

Butarsa tana gefen ƙafarsa. Malam ya miƙa hannu ya ɗauka, ya zubar da na cikin tasar, ya tsiyaya na butar. Ruwa fari tas. Ya ajiye masa butarsa ya shige masallaci.

Baba Dogo ya yashe rijiyar sau biyu, ruwan da ya tsattsafo ya fi na da muni. A ƙarshe aka jera gungume a bakinta, aka bi da ƙasa. Ranar mata sun yi kuka kamar an fitar da gawa. Daga nan sai tafiya mai nisa da tulu a ka, safe da yamma, har da masu ciki.

Ba wanda ya doke shi. Ba wanda ya kai shi gaban hukuma. In ya yi sallama a zaure ana amsawa, a shimfiɗa masa tabarma. Amma ruwan nan da ake kawo wa baƙo kafin gaisuwa, ba gidan da ya ƙara kawo masa. Zai zauna, a gaisa, a yi shiru, ya tashi. Bai yi wata biyu a haka ba ya kwashe iyalinsa ya koma Parakou, ya kama haya a unguwar Guéma. Inna Memuna ta bi shi. Ba don tana so ba. Ta ce ba za ta iya haɗa ido da matan da ta girma da su suna hawan tudu da tulu ba.

A Parakou abin bai yi ba. Atamfa ta cika kasuwa, masu kawo rini suka ja baya. Soda kuma ta gama cin hannuwansa, yatsu suka ƙandare, ko loma da ƙyar yake kaiwa baki. Marinin da ake aiko wa zane daga garuruwa ya koma zaman rumfar wani yana tsaron kaya.

Amma talauci bai dame shi kamar kewa ba. Ya sha ruwan famfo, ya sha na rijiyoyin Guéma, cikinsa ya cika, ƙishin yana nan. In ya ji an ce motar Djougou ta iso, sai ya lallaɓa tasha ya zauna nesa, yana sauraron muryar mutanen gida, yana kallon jar ƙasar da ke jikin taya. Bai taɓa tambayar kowa labari ba. Ya kan rufe ido ya ji ƙarar guga tana faɗawa can ƙasa, da hayaniyar mata, da sanyin da ke tasowa in ka leƙa. Yana son gida kamar ransa zai fita, kuma ya san shi ya rufe wa kansa ƙofa. Shekara goma sha ɗaya yana haka.

Sai Inna ta kwanta. Tsufa ya kama ta, hankalinta ya koma baya, ta manta da hijira, ta manta da galura. A ganinta tana ɗakinta na Djougou. Aka kawo mata ruwa ta kau da kai. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, sai ta ce, "Kai, ba ka jin magana ne? Ɗebo mini na Madugu."

Kwana biyu tana maimaitawa, leɓenta ya bushe. A rana ta uku ya ɗauki jarka ya hau mota.

Ya tarar Malam Abdulgani ya rasu. Baba Dogo yana nan, ya tsufa tukuf, ido ya dushe. Marinin ya durƙusa a gabansa ya faɗi abin da ya kawo shi, yana kuka kamar yaro. Ya ce shekaru sun tafi, wataƙila ƙasa ta wanke kanta. Tsohon ya ce a kira masa mazan unguwa.

Abin mamaki, ya 'yan uwa, ba wanda ya ƙi fitowa. Ashe ba marinin kaɗai ke kewar rijiyar ba. Kwana uku suna kwashe ƙasa, suna ɗaga gungume, suna fitar da laka. Shi da hannuwansa ba sa riƙe igiya, da ka yake ɗaukar kwando. A safiya ta huɗu ruwa ya taru. Labari ya zaga, mata suka fito da ƙwarya da tulu suka yi layi. Wasu tsofaffi har sun fara guɗa.

Aka jawo guga, aka zuba a kwano, aka kai gaban Baba Dogo. Ya ce, "Ni ba na gani. Ba shi. Shi ne mai ido."

Marinin ya karɓa, ya karkata kwanon wajen haske. Duk unguwa tana kallon bakinsa. Siririn jan nan yana kwance a gefe, kamar jiya aka zuba. Da ya ce ya tafi, ba mai ƙaryata shi a ranar, kuma da ya cika jarkarsa ya kai wa uwarsa abin da take nema.

Ya ce, "Yana nan, Baba."

Matan suka juya ɗaya bayan ɗaya da ƙwaryarsu wayam. Maza suka fara mai da gungume.

Ya cika jarkar a wata rijiya ta cikin gari, ya ce ai duk ƙasar Djougou ce. Ya iso Guéma da yamma, ya tsiyaya a moɗa, ya tallafo kan Inna ya ce, "Inna, ga shi na kawo."

Fuskarta ta yi haske. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye a hankali. Hasken ya tafi.

Ta ce, "Ba shi ba ne." Ta lalubo hannunsa mai kaushi ta riƙe. "Ka sha hanya. Allah ya yi maka albarka."

Ba ta ƙara kurɓa ba. Bayan kwana biyu aka kai ta makwancinta. Waɗanda suka san shi sun ce da ta tsine masa da ya fi masa sauƙi. Ya rayu shekaru bayanta, kuma ba a ƙara ganin ya ɗaga moɗa bai yi hawaye ba.

To, ya 'yan uwa, mutumin nan ya tuba, na kuma yi masa kyakkyawan zato wurin Ubangiji mai gafara. Amma tubansa ya dawo da rijiya? Akwai laifin da in ka yi, kai da Mahaliccinka ne. Ruwa ba haka yake ba. Haƙƙin duk mai rai ne, har da wanda ba a haifa ba tukuna. Wa za ka bi ka roƙa? Ƙofa nawa za ka ƙwanƙwasa?

Kada ku ce ai mu ba marina ba ne. Kai da kake juye baƙin mai a lambatu, ina kake tsammani yake zuwa? Kai da ka haƙa masai taku biyar da rijiyar maƙwabcinka don filinka ya yi kaɗan, ka sani sarai, ka yi shiru. Wanda ya gama feshin auduga ya wanke tulun maganin a rafi, su wa ke ɗiba a ƙasa da shi? Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ba sunkuyar da kai nake so ba. Ku tashi daga nan ku je ku gyara yau, tun ruwan yana karɓar gyara. Wanda kuma ya riga ya ga alama, ya faɗa, ko da kunya za ta kashe shi.

Allah ya kiyaye mu daga cutar da bayinsa, a sarari da ɓoye. Allah ya tsare mana rijiyoyinmu da rafukanmu. Allah kada ya nuna mana ranar da iyayenmu za su roƙe mu kurɓi ɗaya, mu rasa, alhali da hannunmu muka ɓata shi. Allah ya kiyaye mu. Amin.