Makullin Shagon Jins na Alhaji Tanimu

Ku ajiye wayoyinku ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba tatsuniyar kan tabarma ba ce, a gabana aka yi ta, kuma hukunci na zo nema a wurinku.

Alhaji Tanimu abokina ne tun muna firamare. Ni na bi hanyar alli har na yi ritaya, shi ya bi ta kasuwa. Shekara ashirin da shida yana sayar da wandon jins na maza a Sabon Garin Zariya. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka saye da sayarwa ce kawai. Ba haka ba ne. Mai jins sai ya san abin da samari za su so wata uku kafin su da kansu su sani, domin tun a lokacin ake ba da oda. In ya canka daidai ya ci shekara, in ya kuskure kaya su zauna masa.

Shi Alhaji ya buɗe shago ne a shekarun da Ƙaramar Sallah ke faɗowa cikin tsananin sanyi. Jins mai kauri, mai duhu, shi ya yi masa suna, sai ya riƙe shi kamar farilla. Ya manta Sallah tafiya take yi, kowace shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, abin da ɗan aji huɗu ya sani. Da ta shigo damina bai ji a jikinsa ba. Da ta faɗo bazara, Sallah uku a jere kaya suka ƙi motsi, suka taru har rufi, ɓeraye suka yi gida a ciki. Ga kuma yanar ido ta fara rufe masa gani.

A farkon Rajab ya tara 'ya'yansa uku, Mamuda da Nafi'u da Sagiru, dukansu magidanta, dukansu na koyar da su. Ya sa aka kira ni shaida. Ya ɗaga makullin shago ya ce, "Wanda ya tashi shagon nan a Sallar bana, shi zai riƙe wannan, shi zai zauna a kujerata. Hedimasta, ka ji da kunnenka."

Na ce na ji.

Mamuda, babbansu, bai je kasuwa ba. Samaru ya nufa, wurin masu wanki da guga da ke wanke wa ɗaliban jami'a kaya. Wata guda yana tsugune a bakin igiyar shanya, yana taya su matsa, yana duba abin da aka shanya. Daga nan ya zagaya wurin teloli masu gyaran wando. Ya lura samari sun daina kawo jins a tsuke musu ƙafa. Yanzu babba suke saye a gwanjo, wanda ya fi ƙarfinsu, su ce a rage ƙugu kawai, ƙafar a bar ta yadda take. Mutane suka yi ta yi masa dariya, ɗan Alhaji guda ya koma wankau, har ƙannensa suka ɗauki sunan. Ya dawo ya ce zamanin fensir, wato matsattsen wando, ya wuce, bana mai faɗin ƙafa za a sa, wanda yara ke kira bagi. A lokacin babu shago ko ɗaya a layin da ya yarda da haka.

Nafi'u, na tsakiya, shi ya ɗauko kalanda ya lissafa, ya ga Sallah za ta zo ne a lokacin da ko kwalta narkewa take. Ya ce bagi ko ba bagi ba, in yadin mai kauri ne babu saurayin da zai dafa kansa a ciki. Ya hau mota zuwa Aba, inda ake ɗinka jins. Masu ɗinkin suka ce yadi mara nauyi wuyar samu gare shi, ya karɓi abin da ke ƙasa. Ya ƙi. Ya zauna musu a bakin keke sati biyar, azumi ya same shi a can, yana buɗa baki da garin kwaki da ruwa, yana auna kowane wando da tef ɗinsa. A hanyar dawowa babbar motar ta lalace kusa da Lokoja, ruwan farko na kudu ya sauko, tamfol ɗin direba duk huji. Nafi'u ya sayo leda a ƙauye ya naɗe dilolin ɗaya bayan ɗaya, ya yi kwana uku a bakin titi bai matsa daga jikinsu ba. Ya iso Zariya saura kwana tara Sallah, da zazzaɓi a jikinsa, amma ko wando ɗaya bai jiƙe ba.

Da aka kwance dila, Sagiru, autansu, ya ɗaga wando ɗaya ya ce an yi aikin banza. Yadi mara nauyin da aka samu shuɗi ne mai duhu, shi kuwa ya san samari koɗaɗɗe suke so, mai kama da wanda ya sha wanki. Ya jera robobi a tsakar gida, ya kawo bilic da dutsen goge kaushi, ya kwana biyar yana jiƙawa yana gogewa, wando ɗari shida, da azumi a bakinsa, har fatar hannunsa ta saɓule. Bai tsaya nan ba. Ya ce saurayi ba ya sayen abin da bai gani a jikin wani ba, kuma babu saurayin da ba ya zuwa aski kafin Sallah. Ya bi shagunan aski goma sha biyu ya ba kowane mai aski wando ɗaya ya sa. Yaro na zaune ana masa aski, ba shi da abin kallo a madubi sai mai askin, sai ya tambaya a ina aka samo wannan. Kafin azahar ta ranar jajibere babu ko ƙyallen sabon wandon a shagon Alhaji Tanimu.

Nan ya kamata a yi hamdala a miƙa makulli. Amma washegarin Sallah muna zauren Alhaji da 'ya'yansa muna cin tuwo, wani maƙwabcinsa na kasuwa ya shigo gaisuwa ya ce, "Alhaji, barka da arziki. Wandon Sagiru ya cinye gari."

Mamuda ya tsame hannu daga kwano. "Wandon wa? Da ban tsuguna a bakin igiyar shanya ba, fensir zai wanke. Ya juye masa bilic ɗin duniya ya ga mai saye."

"Yaya, kai dai faɗa ka yi," in ji Nafi'u. "Baki ba ya ɗauko kaya daga Aba. Kuma da bagin naka mai kauri ne, ai buhu ka ɗinka wa mutane."

Da suka gama, Sagiru ya shimfiɗa tafukansa a kan tabarma. "Ga tawa shaidar. Ku kawo taku."

"Ni kuka kira wankau," in ji Mamuda, "ashe na gasken yana gida."

Tun daga ranar abin ya lalace. Mamuda ya daina zuwa shagon aski, wanzami yake kira gida, don kada ya ji ana yabon ƙaninsa. Nafi'u in ya ga saurayi sanye da wandon sai ya tare shi a hanya ya ce ya taɓa yadin ya ji, ya tambaye shi ko ya san wanda ya zaɓo shi. Shi kuma Sagiru, da duk gari ke kiran sunansa, abin da ke cin ransa shi ne in Alhaji zai sa albarka da Mamuda yake farawa, kuma Nafi'u aka yanka wa zakara da ya dawo da zazzaɓi, shi ko man shafawa ba wanda ya saya masa. Uwa ɗaya uba ɗaya, yanzu a masallaci ma ba sa tsayawa a sahu ɗaya.

Alhaji kuwa ya jefa makullin a aljihu, bai ba kowa ba. Yau kwana ashirin da uku shagon yana rufe. Wannan shi ne abin da ya ɓata mini rai, kuma ban ɓoye masa ba. Na same shi na ce, "Tanimu, a gabana ka yi alkawari. Ka mai da ni shaidar zur ke nan?"

Ya ce, "Hedimasta, in na miƙa wa ɗaya, na rasa biyu."

Na ce, "In ka riƙe, ka rasa uku, ka haɗa da shago. Yaran nan sun yi aiki, haƙƙin ɗayansu yana aljihunka."

Sai ya ce in kawo maganar gabanku, ku dattawan unguwa, duk wanda kuka nuna shi zai ba.

Saboda haka kada wani ya ce mini a raba uku, ko a yi karɓa-karɓa. Na gwada, kowannensu ya ce gara ya bar garin da ya zauna a ƙarƙashin ɗan'uwansa ko na wata ɗaya. Makulli ɗaya ne, kujera ɗaya. Kada kuma a ce mini sa'a ce, don na ga yadda aka yi aikin. Babbar Sallah saura kwana arba'in da 'yan kai, za ta zo da farkon damina, kuma maƙwabta sun riga sun tura Aba a kwaikwayo wandon. In ba a ba da oda cikin satin nan ba, shagon ya mutu a karo na biyu, kuma wannan karon ba mai tashinsa.

Da Mamuda bai gano yankan ba, da tsohon yayi za a ɗinko. Da Nafi'u bai karanci lokaci ya tsaya a kan yadin ba, da ba mai iya sa shi, da ma bai iso ba. Da Sagiru bai sauya launin ya kai wa masu aski ba, da yana nan jibge a kan na bara.

To, ku faɗa mini, a cikin Mamuda da Nafi'u da Sagiru, wa za a miƙa wa makullin?