Ranar da Kalilu Ya Ƙi Kashe Inji

Akwai wani mutum a Tozai, cikin ƙasar Isa, ana ce masa Kalilu mai zarto. Abin nan ya faru shekara biyu kafin Turawa su naɗe tabarmarsu su tafi. Ni kam duk ranar da na tuna shi sai abinci ya fita raina, amma ku daure ku karanta.

Kalilu da yayansa Attahiru sana'arsu ɗaya, kayar da manyan itatuwa da tsaga katako. Zartonsu dogon nan ne mai hannu biyu, wannan ya ja, wancan ya ja. Shekara goma sha takwas suka yi suna fuskantar juna da gindin itace a tsakani. Attahiru ne ya reni Kalilu bayan rasuwar iyayensu, shi ne kuma ya koya masa aikin.

Attahiru yana da ƙa'ida guda da ba ya ƙetarewa. In zarto ya ci rabin gindi, sai ya ce a tsaya. Ya ƙwanƙwasa itacen da ƙotar gatari, ya ɗora kunne ya saurara. Da haka yake gane ko akwai kogo a ciki, da gefen da itacen ke son faɗuwa. Kalilu kuwa tsayawar nan haushi take ba shi, a ganinsa ɓata lokaci ce irin ta tsofaffi.

Ana nan sai En'e, wato hukumar gargajiya, ta nemi katako mai yawa na ƙyamare da benci. A daidai lokacin wani falke mai suna Ɗanmusa ya sauka kasuwar Sabon Birni daga Maraɗi da zartuna biyu masu inji, waɗanda ya saya hannun wasu Faransawa da suka gama aiki. Kalilu ya sayar da bijimansa biyu da gyaɗar shekara, ya ja yayansa suka tafi gani.

Ɗanmusa bai ɓoye musu kome ba. Ya ce, "Wanga ƙarami mutum guda ka riƙe shi, ba shi da gardama. Wancan babba sai mutum biyu, guda ga inji, guda ga hannun da ke can bakinai. Kuma in ya mutu, tada shi sai an sha wuya."

Attahiru ya ja ƙanensa gefe. "Ɗauki ƙaramin, Kalilu. Mu fara da abin da muka iya wa."

"Yaya, maɗacin fadama za ni kayarwa, ba karan dawa ba."

Ya ɗauki babban. Raƙumi aka ɗora wa shi har Tozai, mutane na fitowa ƙofar gida suna kallo, Kalilu na gaba yana tafiya da ƙyar don daɗi.

Washegari ya ce zai gwada shi a dandali. Injin ya tashi, ya yi ruri kaɗan, ya mutu. Kalilu ya ja igiya, ya ja, ya ja, har gumi ya jiƙe masa riga. Shiru. Sai wani daga cikin taron ya ce, "Attahiru, taimaka ka ɗauko mishi tsohon zarto." Dandali ya kwashe da dariya.

Kun san mai girman kai, in ya sha kunya, na kusa da shi yake huce wa. Attahiru ya matso zai taimaka, Kalilu ya ture hannunsa gaban jama'a, ya ce, "Ka tsufa, Yaya. Shekara da shekaru kai ka hana ni ci gaba da saurare-saurarenka. Tahi gida ka zamna."

Attahiru ya sunkuya. Ya ɗauki hularsa da ta faɗi, ya karkaɗe, ya tafi.

To, ga inji, ga takardar malamin daji mai kula da itatuwa ta fito, an ba shi izinin wani ƙaton maɗaci a bakin fadama. Amma wa zai riƙe hannun da ke can baki, inda sarƙa mai haƙora ke juyawa? Duk wanda Kalilu ya tuntuɓa sai ya ce yana da aikin gona.

Ranar aikin da safe Attahiru ya ɗauki gatarinsa. Matarsa Saude ta tare ƙofa.

"Malam, mutum ya ce ka tsufa gaban gari duka, kuma ka bi shi?"

"In ban riƙa mishi ba, wa za ya riƙa? Ƙanena ne, Saude. Matsa in wuce."

Ya iske Kalilu a gindin maɗacin, ya kama hannun bakin zarton ba tare da ya tada maganar dandali ba. Ya ce, "Abu guda nika roƙo. Ƙarar abin ga ba ta bari a ji magana. In na ɗaga hannu, kashe shi in saurara."

Kalilu ya ce, "Na ji."

Mai gari ya zo, malamin daji ya zo, rabin Tozai na tsaye daga nesa. Ja ɗaya injin ya tashi. Jan garin katako ya riƙa feshi, aikin da suka saba yi tun hantsi har azahar ya ci rabi kafin a sha ruwa. Waɗanda suka yi dariya rannan suka saki baki.

Attahiru ya ɗaga hannu.

Jama'a, nan ne wurin da ke ƙona mini rai. Kalilu ya gani. Ba ƙura ce ta rufe masa ido ba, ya gani sarai. Amma ya waiga ya dubi taron, ya tuna igiyar nan da ya ja har ya gaji, ya tuna dariyar. In ya kashe injin ya ƙi tashi fa, gaban mai gari? Ya girgiza kai, ya ƙara danna zarton.

Garin katakon da ke fita ya juye baƙi, alamar ruɓa. Attahiru ya sake ɗaga hannu, yana magana, ba a jin abin da yake cewa. Yana da lokacin da zai saki ya gudu. Sai dai ya san in ya saki, bakin zarton zai yi tsalle ya koma kan mai riƙe da inji. Ya riƙe.

Ashe cikin maɗacin kogo ne tun daga ƙasa. Gindin ya tsage sama, ɓari guda ya ɓallo ta gefen Attahiru, ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

A kan ƙyaure aka kawo shi gida. Saude ta zauna a kansa tana shafa masa ruwa a fuska, ko kuka ta kasa. Da ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne, "Kalilu bai ji ciwo ba?" Aka ce lafiyarsa lau.

Malamin daji ya durƙusa kusa da Attahiru, ya ce dole ya kai bayani Isa, yaya aka yi? Kowa ya san in aka ce ganganci ne, Kalilu sai gaban alƙali.

Attahiru ya tattara sauran numfashinsa. "Rubuta laihina ne. Mun yi da shi in ɗaga hannu, ni ban ɗaga ba."

Mutanen da suka gani da idonsu suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ƙaryata shi. Bai kai la'asar ba ya cika.

Kalilu ya rayu har ya yi furfura. Shi ya riƙe Saude da 'ya'yanta, ya koma noma, bai ƙara sare itacen da ya fi shi tsawo ba. Ba wanda ya taɓa yi masa gori. Har in baƙo ya tambayi labarin, mutanen gari sukan ce, Allah ya jiƙan Attahiru, mantuwa ya yi rannan.

Duk inda Kalilu ya ji haka, ko a masallaci ne, sai ya ce a hankali, hawaye na bin gemunsa, "Bai manta ba. Ya ɗaga har sau biyu, kuma ina kallonai."

Darasi: Kada ka zaɓi abin da ya fi ƙarfinka don a ce kai ne, kuma kada tsoron dariyar mutane ya hana ka tsayawa in wanda ke ƙaunarka ya ce tsaya. Masu dariya gida za su koma su ci tuwonsu, wanda ya riƙe maka ɗaya bakin shi zai ɗauki nauyin taurin kanka. In kana da yaya ko ƙane da ka yi wa gatsali, nemi gafararsa yau tun yana jin ka. Ku tura labarin nan ga 'yan'uwanku, wataƙila wani na gab da girgiza kai.