Ranar da Aka Wanke wa Maciji Ƙafa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnenmu na gare ki.

Kunkuru da Kurciya majami'arsu ɗaya, amma kullum cikin musu suke. Kunkuru ya ce, "An rubuta a wanke wa juna ƙafa, to da ruwa za a wanke."

Kurciya ta ce, "Baba, misali ne, tawali'u ake nufi."

Ran Lahadi Kunkuru ya kawo ƙwaryar ruwa, yana bi yana wanke wa kowa. Sai ya iske tsohon Maciji a bayan ƙofa, kai a sunkuye.

Maciji ya ce, "Wuce ni, ɗan'uwa, ba ni da ƙafa."

Kunkuru ya ce, "Miƙo cikin da ya kawo ka."

Kurciya ce ta zuba ruwan.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tawa ta ƙare.