Ranar da Tasalla Ta Kawo Kabewa Gida

Dalilin da ya sa iyayenku mata ke ɗaure ƙannenku a baya da zane, su ƙara da majanyi, wata kunya ce da ta taɓa kama wata mata ana ce mata Tasalla. Ku matso ku ji.

A da can ba a san goyo ba. A masaki ake kwantar da jariri, a rufe da faifai saboda rana, uwa ta ɗora a ka kamar mai tallar fura. In ta isa inda za ta, sai ta sauke shi a inuwa ta kama sha'aninta. Jariran wancan zamani kuwa ga kuka ga firgita, don ba sa jin ɗumin kowa.

Tasalla ta haifi ɗan fari, aka sa masa suna Nomau. Kun dai san yadda ake kunyar ɗan fari. To, ita ta kai abin maƙura, ba ta faɗin sunansa, ba ta ko kallon inda yake a gaban mutane. Ana ta yabonta, kanta kuwa sai kumbura yake.

Wata ran kasuwa ta ajiye masakinta a gindin tsamiya, inda mata ke jera nasu. Da ta gama sayayya ta dawo, sai ga dangin mijinta zaune a wurin. Zuciyarta ta ce ta ɗaga faifai ta duba yaron. Amma ina, a gaban surukai? Ta kau da kai, ta sunkuci masaki ta aza a ka. A hanya har murna take yi wai yau barci ya yi masa daɗi, tana tafiya a hankali kada ya farka.

Tana shiga gida uwar mijinta ta tare ta. "Sannu da dawowa, 'yar nan. Sauke mini maigidan nawa mu gaisa."

Tsohuwa ta ɗaga faifai. Kabewa ce, ƙatuwa, ta cika masaki dam. Ku daina dariya mana, ran nan ba wanda ya yi dariya.

"Ke Tasalla, ina jikana?"

Tasalla ta zura da gudu, ko ɗankwali babu. Matar da ba a taɓa jin sunan ɗanta a bakinta ba, ga ta tana ratsa gari tana ƙwala kira, "Nomau! Wayyo Nomau!" Maza na zaune a ƙofar gida suna kallonta. Ta isa gindin tsamiya, kasuwa ta watse, ba masaki ko ɗaya. Nan ta zube tana kuka.

Can sai ga wata tsohuwa mai sayar da kabewa, Yalwa, tana dogara sanda. Ashe ita ta ɗauki ɗaya masakin. Ta yi nisa kan hanyar ƙauyensu ta ji kayanta na tsala ihu. Ta yi rarrashin duniya yaro ya ƙi shiru, ga sanda a hannu, sai ta ɗora shi a baya ta ɗaure da zane, ta ƙara tamkewa da ɗankwalinta kada ya zame. Yana jin ɗumin jikinta ya yi luf, ita kuwa ta juyo kasuwa neman uwarsa.

Yalwa ta dubi Tasalla. "Ke ce uwar?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Daga nan har gida ba ki duba shi ba?"

"Kunya na ji."

"To, yanzu me kike ji?"

Tasalla ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta durƙusa, Yalwa ta kwanto yaron ta ɗaura mata shi a baya. Haka ta ratso gari kanta a sunkuye, tana jin numfashinsa yana sauka tsakanin kafaɗunta.

Daga ranar ba ta sake sa shi a masaki ba. Mata suka yi ta mata tsiya, wai tsoro take kada a sake musanya mata shi. Amma da suka ga Nomau ya rage kuka, wuyansa ya tsaya da wuri, ya riga sa'o'insa gwaranci don duk hirar uwarsa a kunnensa take, sai ɗaya bayan ɗaya suka nemo zane.

Shi ya sa har yau uwa ke goya ɗanta. Ko tana kunyarsa ba sai ta juya ta kalle shi ba, bayanta na gaya mata yana nan. In kuwa shirunsa ya yi yawa, ku lura, za ku ga ta kai hannu baya ta taɓa shi.