Kabad Mai Rigar Gwangwani

Ke, wa ya aike ki tambayata? Ina ruwanki da tsumman da ke ɗaure a kusurwar kabad ɗina? Yarinya sai bakin tsiya. To tunda kin tono, zauna. Ku ma ku zauna, kuma kada wanda ya katse ni.

Akwai wani mai gyaran keke, mutum marar hayaniya, da matarsa mai tsinin baki. Ɗakinsu ɗaya. Ɓeraye sun addabe su, ba su bar gari ba, ba su bar sabulu ba. Matar kuwa kullum zancenta kabad mai gilashi irin na yayarta.

Ba shi da halin saye. Sai ya roƙo falankan akwatin kaya, ya haɗa kabad da hannunsa. Kwana uku ɓera ya huda shi.

Ya ce, "Bari in sa masa rigar ƙarfe."

Sabon langa-langa ya fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya bi masu shago yana tsintar gwangwanayen mai. Ya fasa, ya wanke, ya buge da guduma har su miƙe, ya kafa da ƙananan ƙusoshi. Kowane baki sai ya naɗe shi ciki sau biyu, ya shafa da yatsa, kafin ya wuce gaba. A yini bai fi gwangwani biyu ba.

Matar ta ce, "Malam, kabad kake yi ko ɗinkin riga?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, bakin gwangwani reza ne. Hannunki zai riƙa bi ta nan, da na yara."

"Hannuna bai kai ƙara wurinka ba."

Ya yi dariya ya ci gaba.

Sai saƙo ya zo, yayarta za ta kawo ziyara washegari. Saura kusurwa ɗaya. Gwangwanin da ya rage duk tsatsa, ya ce a bari ya samo mai kyau.

Ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. "Ko ka gama yau, ko in fitar da shi bola. Yaya ba za ta zo ta tarar da ni da tarkace ba."

Ya ɗauki mai tsatsar, yana sauri, guduma ta kuɓuce, bakin ya tsaga masa tafin hannu. Ya yagi tsumma ya ɗaure, ya kafa sauran ƙusoshin. Bakin nan dai bai naɗu ba.

Yayar ta zo. Ko kallon kabad ɗin ba ta yi ba.

Bayan mako guda, ya kai loma baki, baki ya ƙi buɗuwa. Haƙora suka sarƙe, wuya ya sandare. Da aka kai shi asibiti, likita ya duba yankan hannun, ya ce an makara.

Ranar ƙarshe ya yi ta nuna hannunsa, yana nuna ƙofa. Matar ta ɗauka gida yake so a mai da shi. Sai da ta dawo ita kaɗai, ƙaramin ɗanta ya rarrafa wajen kusurwar nan, sannan ta gane abin da yake faɗa. Ta fizge yaron, ta ɗaure wurin da tsumma.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ɓera bai taɓa shiga ba. Ubanku ya kawo maƙeri har sau biyu a naɗe bakin, na kore su. Ni na sa aka bar shi haka, ni zan riƙa ganinsa.

Kada ki kalle ni haka. Hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Darasi: Wanda yake yi miki aiki a hankali don kada ki ji ciwo, kada ki tsaya a kansa kina azalzala saboda idon baƙo. Baƙo zai tafi, ke za a bari da abin da kika jawo. Ku faɗa wa duk mai tsinin baki da kuka sani.

To, labari ya ƙare. Ku tashi ku kwanta. Kai, bi ta wancan gefen, kada ka goga kusurwar nan.