Kazar Baikon Tiyamike

Akwai wata mata a wani ƙauye kusa da Dedza, ana kiranta Nachisale. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Tiyamike, da tsakar gida cike da kaji. Da kajin nan ta ciyar da yarinyar, da su ta yi mata makaranta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. In za ka sayi kaza wurinta, sai ka tanadi yawu, don za ka taya har bakinka ya bushe tana ce maka albarka.

Ana nan aka sa ranar baikon Tiyamike da wani saurayi mai gyaran keke a ƙauyen hayin rafi, sunansa Limbani. Kun dai san yadda ake yi. Kawun saurayi ya miƙa zakara, kawun budurwa ya miƙa kaza, a yi musaya a gaban jama'a, magana ta ƙullu. Nachisale ta daɗe da ware tata kazar, wata ja mai faɗin ƙirji. Har dusa daban take ba ta.

Da zafin rani ya kankama, sai ciwon kajin nan da muke kira citopa ya sauka. Gidan maƙwabciyarta Nankhoma ya fara shiga. Nankhoma ta tashi ta tarar da wasu kajinta sun murɗe wuya suna kallon sama. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta yanka su duka, masu ciwo da masu lafiya, ta haƙa rami, ta cinna musu wuta, ta binne. Ƙamshin nama ya cika unguwa, yara suna leƙe ta kan shinge suna haɗiyar yawu.

Washegari a bakin famfo ba a yi wata hira ba sai wannan.

"Nama fa! Nama ta binne kamar gawar mutum!" in ji wata.

Nachisale ta sauke bokitinta ta ce, "Wanda ya ba ƙasa nama ya hana yara, ku tambaye shi su wa yake ciyarwa a ƙarƙashin ƙasar."

Kowa ya gane maita take nufi. Sai ga Nankhoma ta ƙaraso, idanunta a kumbure. Nachisale ta ɗaga murya.

"Sannu da rashi, maƙwabciya! Yaushe ne zaman makokin? Mu kawo gari?"

Aka kwashe da dariya. Nankhoma ta tara ruwanta, ta ɗora a ka, sannan ta ce, "Yi dariyarki, 'yar'uwa. Iska ba ta san shinge ba."

Ba a rufa mako ba, Nachisale ta farka ba ta ji carar babban zakaranta ba. Ta fito ta gan shi tsaye a gindin mangwaro, fukafukai a sake kamar mai sanye da rigar aro, kashinsa kore shar. Shekara da shekaru tana kiwo, babu wanda zai faɗa mata ko wane ciwo ne wannan.

Ta shiga ta ɗauko wuƙa. Kajin suka gan ta suka rugo, suna zaton dusa ce. Ga mai ɗingishi da ta ƙwato daga bakin kare. Ga baƙar da ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashin gadonta a makon da aka binne mijinta. Suna ta cusa kai a ƙafafunta. Ta kasa kama ko ɗaya.

Kuma ba tausayi kaɗai ba ne. Ta tuna bakin famfo. In hayaƙi ya tashi a gidanta, wa zai hana mata su tambaye ta yaushe ne zaman makoki?

Ta mayar da wuƙar. Ta murɗe wuyan zakaran, ta jefa shi a masai. Tana juyowa ta ga Tiyamike tsaye da tsintsiya.

"Mama, zakaran nan..."

"Shaho ne ya ɗauke shi."

"Shaho ba ya jefa abinsa a masai, Mama. Don Allah mu sayo wata kazar a kasuwa. Ko mu karɓo ta wurin Goggo."

"Ni? Ni in tsaya ina taya kazar wata? A ce 'yar Nachisale da kazar aro aka yi baikonta? Rufe min baki. Jar nan lafiyarta ƙalau, dube ta."

Gaskiya ne, a ido lafiyarta ƙalau. Sai dai ranar baikon da Nachisale ta kama ta za ta ɗaure mata ƙafa, ta ji ƙarƙashin fiffiken da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ta ɗura mata ruwan barkono da toka, ta goge mata baki da gefen zani.

Jama'a suka cika gida. Gomani, ƙanen Nachisale kuma kawun yarinya, ya ɗaga kazar sama yana wasa.

"Surukai, ku duba da kyau! Wannan ai rabin akuya ce. Naku zakaran ko azumi yake yi?"

Kawun Limbani, wani dattijo mai suna Chikaonda, ya karɓa da hannu biyu yana dariya. Daidai nan kazar ta yi atishawa, sau ɗaya. Ganga da guɗa suka rufe. Mutum biyu ne kawai suka ji, uwa da 'ya, kuma ba su dubi juna ba.

Bayan biki kajin Nachisale suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har da zakaran surukai. Masai ya yi ta haɗiya. Wanda ya tambaya sai ta ce ta sayar, an ba ta farashi mai kyau.

Amma kullum da safe takan tsaya a bayan gida ta kasa kunne wajen hayi. Da can zakarun can sukan amsa wa na nan. Yanzu suna raguwa. Yau biyar, gobe biyu. Wata safiya ta tsaya har rana ta fito, babu ko ɗaya.

Labari ya haye rafi. Uwar Limbani, don girmamawa, ta saki jar kazar cikin nata. Daga nan ciwo ya bi gida gida. Har wata tsohuwa da ƙwai ne kuɗin maganinta, ba a bar mata ko ɗan tsako ba.

Da tsakar rana Chikaonda ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Aka kawo ruwa, bai taɓa ba. Gomani ya zo da gudu, maƙwabta suka jeru a bakin shinge.

Dattijon ya ce, "Suruka, ciwo na Allah ne, ba mu zo neman biyan kaji ba. Tambaya ɗaya gare ni. Ranar da aka miƙo mana kazar nan, kin sani?"

Nachisale ta gyara ɗankwali. Bakin da bai taɓa faɗuwa a ciniki ba ya buɗe zai yi rantsuwa. Sai ta hangi Tiyamike a ƙofar ɗaki, hawaye na bin fuskarta, tana girgiza mata kai.

Rantsuwar ta maƙale.

Chikaonda ya jira. Da shirun ya yi tsawo, ya juya wajen Gomani.

"To, mun ji amsa. Gidan da zai ɓoye ciwon kaza, zai ɓoye na mutum. Mun janye ɗanmu."

Kafin damina ta faɗi Tiyamike ta ɗaure kayanta ta tafi aikatau Lilongwe. A tasha uwar ta riƙe mata hannu, yarinyar ta zare a hankali ta ce, "Da kin yanka su, Mama, mako ɗaya za a yi ana miki dariya."

Har yau ba ta dawo ba.

Darasi: Asarar da ka ƙi ɗauka a tsakar gidanka don gudun bakin mutane, za ta haye rafi ta dawo maka da abin da ba a saye a kasuwa. Kuma kada ka yi wa mai binne nasa dariya, bakinka ne zai ɗaure maka hannu ranar da naka ya zo. Ku tura wa duk mai kiwo, da duk mai kaifin baki a bakin famfo.